Fentin da Ke Farcen Likita

A kamfanin da Likita yake aiki ba a cewa za a rushe gini, sai dai a ce za a kwance shi. In suka sayi tsohon wuri, ba sa kawo katafila ta share shi ta tafi. Sai an bi shi ɗaki-ɗaki tukuna. A cire ƙofofi, a zare ƙusoshi a miƙe su, a sauke katakon rufi a jera, bulon da bai mutu ba a kankare masa siminti a tara gefe don a sake gini da shi. Bangon da ke da sauran ƙarfi kuwa a bar shi a tsaye, sabon gini ya zo ya jingina da shi. Abin da ya ruɓe ne kawai ake ba katafila.

Shi Likita ba likitan mutane ba ne, ko allura ma ba ya iya kallo. Likitan bango ne. Yana da wata 'yar guduma mai ƙotar katako, ta sha hannu har ta yi santsi. Sai ya tsaya gaban bango ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya matsa taku biyu ya sake ƙwanƙwasawa, sannan ya ce wannan da ransa, wancan kuwa ya daɗe da mutuwa, tsayuwar kawai yake yi. Leburori ne suka sa masa sunan don tsokana, sunan ya bi shi har cikin ofis. In ya gama dubawa, sai Injiniya, matar da ke kula da aikin gaba ɗaya, ta zo ta gwada da na'urorinta, kuma yawanci abin da ya faɗa shi take samu. Daga nan ta ce ya sa alama. Jan fenti na katafila ne. Koren fenti, kada a taɓa.

Dokar wurin ke nan, har an rubuta ta a allo a bakin ƙofa: fenti ne ke magana. An kafa ta ne tun wata shekara da wani ya ce wa direba "wancan", ya nuna da baki, direba ya je ya kayar da wani wancan ɗin daban. Tun daga ranar direba ba ya jin maganar kowa, ko da Manaja ne. Abin da fenti ya ce, shi zai yi.

Abin da ba wanda ya sani a kamfanin shi ne Likita bai san ja da kore ba. Haka aka haife shi. Duk ɗaya suke a idonsa, wani launi ne dai kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa, yau wannan ya fi duhu, gobe wancan. Mutum ɗaya ce ta sani, Yayarsa, tela ce, a gidanta yake zaune. Ita ta gano tun yana ƙarami, da ta aike shi sayen jan zare ya dawo da kore har sau uku. Sau biyu ta rankwashe shi, na ukun sai ta zauna ta yi ta kallonsa.

Ranar da aka fara ba shi aikin fenti, tsoro ya hana shi magana. Wa zai bar gwangwanin ja a hannun wanda bai san ja ba? Sai ya kawo gwangwanayen gida a ɓoye, Yaya ta ƙulla zare a marikin na ja. Mai zare na katafila, marar zare a bari. Da haka ya yi wata takwas bai taɓa kuskure ba, kuma kullum aka ƙara kwana faɗin gaskiyar ya ƙara nauyi. Ko mijin Yaya bai sani ba. Shi ne kuwa direban katafilar, ana ce masa Tsawa saboda muryarsa, kuma shi ya kawo Likita kamfanin ya tsaya masa. Ƙarshen watan nan aka ce za a ba Likita takardar zama cikakken ma'aikaci.

Wurin da suke aiki tsohon gidan sabulu ne, za a mai da shi gidajen zama da 'yan shaguna a ƙasa. A can baya akwai bango biyu da suka haɗu a kusurwa. Ɗaya tsoho ne na jan bulo, da tagogi biyar masu lanƙwasa a sama kamar baka. A kansa aka ɗora zanen ginin duka. Inuwarsa ce za ta rufe tsakar gidan da rana, ta kansa ruwan sama zai bi ya sauka tankin ƙasa, kuma da sharaɗin ba za a taɓa shi ba aka ba kamfanin izinin aiki. Ɗayan kuwa na bulon siminti ne da aka ƙara daga baya, gishiri ya cinye gindinsa, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fuf, kamar ka bugi buhun dusa.

Jiya da yamma fenti ya ƙare masa, duka biyun. Ya je sito, sai Baba Mai Sito ya ce ai an daina sayen ƙananan gwangwanaye, sharar ta yi yawa. Yanzu a duro ake kawowa, a riƙa zuba wa mutum a tsoffin gwangwanayen madara da aka wanke, in an tashi aiki kuma a dawo da su. Ya karɓe masa tsofaffin da zarensu da komai ya jefa cikin tarin ƙarafa, ya miƙo masa biyu iri ɗaya sak, ba takarda ba rubutu.

"Ga ja a damanka, ga kore a hagunka, ɗana."

Likita ya taho yana maimaitawa a ransa, ja dama, ja dama. Bai kai bayan ba aka ƙwala masa kira ya zo ya kama wata ƙatuwar ƙofa da ta rinjayi mutum uku. Ya ajiye gwangwanayen yadda suke, ya ruga. Da ya dawo, wani mai kirki ya kawar da su daga hanyar baro, ya jera su a inuwa, ɗaya gaban ɗaya.

Ya daɗe a tsugune yana leƙa cikinsu. Yana nan sai Injiniya ta leƙo daga tagar mota ta ce, "Likita, a sa wa bangayen bayan nan alama yau, kada in zo gobe in ga ba a yi ba." Sai ya yi canke. Ya ɗauki wanda ya fi masa haske ya shafa wa tsohon bango, ya shafa ɗayan a ruɓaɓɓen. Amma ya yi wata dabara. Ya ɗiga fentin tsohon bangon a farcen babban yatsansa na dama, don Yaya ta gani ta faɗa masa. Ai katafila sai mako mai zuwa, in kuskure ne akwai lokacin gyara. Da ya isa gida sai ya tarar Yaya ta tafi dubo Innarsu, ƙafarta ta tashi, sai gobe da rana za ta dawo. To, ba komai, in ji shi a ransa, gobe ma rana ce ta Allah. Da hannu ɗaya ya wanke fuska don kada fentin ya goge.

Da safe Tsawa ya goya shi a babur kamar kullum. Suna cikin cunkoson motoci ya waiwayo ya ɗaga murya.

"Yau a gidanku zan yi ɓarna, bokan bango!"

"Wane gida, babban yaya?"

"Gidan sabulu mana! An ɗage wancan aikin, sun ce in zo in kwashe muku gawarku kafin sha biyu. Ƙarfe tara zan tayar."

Likita ya sunkuyar da kai. Ya dubi farcensa da ke riƙe da ƙarfen bayan babur. Ga ɗigon nan, ya bushe, yana ƙyalli, bai ce masa komai ba.

Suna isa suka tarar har an sauke katafilar daga bayan babbar mota. Likita ya tambayi mai gadi ko Injiniya ta iso, aka ce tana taro a ofis, sai wajen tara da rabi ko goma. Ya sa hular kwano, ya zarce baya ko gaisawa da mutane bai yi sosai ba.

Ga alamomin nan, kowace ta kai faɗin tire, ɗaya a nan ɗaya a can, shafi iri ɗaya da hannunsa ya yi. Ya tsaya nesa, ya matso kusa, ya rufe ido ɗaya. Sai wata dabara ta faɗo masa. Kowa jan bulo yake ce wa bulon nan, to in fentin ya saje da bulon, ja ne ke nan. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bango. Ina! Hayaƙin dafa sabulu na shekara da shekaru ya mai da bangon baƙi ƙirin. Ya kankara da gindin guduma har ainihin bulon ya fito, ya dubi wannan ya dubi wancan. Da farko ya ga sun yi kama. Da rana ta ɗan motsa, ya ga ba su yi ba.

Ya nufi sito. Baba Mai Sito na zaune yana ware ƙusoshin da aka miƙe, manya gefe ƙanana gefe, tabarau a goshi. Likita ya gaishe shi, ya ɗora hannu a kan tebur, ya turo babban yatsan gaba.

"Baba, fentin nan naku na duro ba ya fita a jiki."

"Mai kyau ke nan. Sa masa kananzir."

"Cikin biyun, wanne ne ma ya fi kama jiki haka?"

"Duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya," in ji Baba, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya jefa ƙusa cikin kwano. "Na leƙa bayan can da sassafe. Na ga hukuncin da ka yanke."

Likita ya matso kusa. "Ya ka gani, Baba?"

"To, ni me zan ce? Ku ne masana. Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan nan ina juya sabulu, tun ba a haife ka ba. Ba bangon da ban jingina da shi na ci abinci ba. Dole in ji wani iri."

"Wanne daga ciki kake…"

Sai ga leburori uku sun shigo neman shebur, suna gardamar wa ya ɓatar da na jiya. Baba ya tashi yana faɗa, magana ta wuce. Likita ya fito yana juya maganar a ransa. Wani iri. Mutum zai iya jin wani iri don za a kayar da bangon da yake so. Zai kuma iya ji don za a kayar da kowane bango ne ma.

Ya zagaya bayan tarin katako ya fito da 'yar wayarsa mai madannai, ya kira Yaya. Ƙarar mota yake ji a bayanta. Ya faɗa mata komai a gurguje, murya ƙasa-ƙasa.

"Innalillahi," ta ce. "Ina zaren?"

"Yana cikin bola, Yaya."

"Ka riƙe su zuwa azahar mana, kai tsaye zan zo wurin in kawo muku abinci, in ga farcen."

"Sha biyu za a ɗauke katafilar. Tara zai fara."

Ya ji wani a motar yana rigimar a matsa masa.

"Ƙanena," ta ce, "ni na ƙulla maka zaren nan, kuma tun ranar nake tsoron irin yau. In ka ga ba makawa, ka buɗe baki. Ka ji ko? Abinci ba zai gagare mu ba, ina da keken ɗinkina."

"Takardar fa? Saura kwana tara."

"Na sani."

"Mijinki kuma fa? Shi ya tsaya mini."

"Bar ni da shi. Shekara tara ina jin tsawarsa, ban taɓa ganin ruwa ya sauka ba."

Waya ta yanke. Tara saura kwata.

Ya sami Tsawa a jikin katafila yana duba mai, tsumma a kafaɗa. Likita ya tsaya kusa, yana wasa da gudumarsa kamar ba komai.

"Babban yaya, daga ina za ka fara?"

"Daga inda ka rubuta magani mana, Likita."

"A'a, ina nufin… na bulon simintin nan ne dai, ko?"

Tsawa ya kwashe da dariya har leburori suka waiwayo. "Ku ji min yaron nan! Injiniya ce ta aiko ka ka gwada ni? Ta ce ka je ka ja bakinsa mu ga ko zai bi magana? To koma ka ce mata ban faɗa ba. Ni ba na jin baki, fenti nake ji." Ya daki kafaɗarsa. "Kai da ka shafa da hannunka kake tambayata? Matsa, kada in shafa maka baƙin mai a rigar da matata ta goge."

Ya hau, ya sa abin toshe kunne, ya tayar. Ƙasa ta ɗauki rawa.

Hanyar zuwa baya siririya ce, tarin bulo ta nan, jerin ƙofofi ta can, katafila ba ta da inda za ta bi sai tsakiya. Kuma hanyar a kusurwar nan ta ƙare, daidai inda bangayen biyu suka haɗu. Likita ya bi gefenta yana tafiya, yana neman alama a fuskar Tsawa, ko zai ga inda yake kallo. Tsawa gabansa kawai yake kallo, yana tauna tsinke.

Zuciyarsa ta ce masa ya jira. Ai rabi da rabi ne. In hannun katafilar ya juya hagu wajen ruɓaɓɓen, shi ke nan, Allah ya rufa asiri, yau da yamma Yaya ta ƙulla sabon zare, nan da kwana tara a ba shi takarda. In ya juya dama, sai ya yi ihu. Amma ya san ƙarya yake yi wa kansa. Wa zai ji ihu cikin wannan ƙara, ga kunne a toshe? Ya sha ganin Tsawa yana aiki. Juyawa da bugu a wurinsa abu ɗaya ne, kamar mai sara da gatari. Ya kuma san tagogin nan biyar, kowace lanƙwasa da 'yar'uwarta take tsaye. Aka fasa ɗaya, sauran za su bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba na'urar da za ta mai da su.

Saura taku talatin. Wasu leburori sun tsaya nesa suna kallo, hannu a ƙugu. Ba wanda ya nuna mamaki, ba wanda ya nuna komai. In ma ja ne a tsohon bango, cewa za su yi manya sun sake shawara, ina ruwan lebura.

Saura ashirin. Ya tuna ranar da ya fara ƙwanƙwasa bangon. Ƙara ya ba shi tas, mai zaƙi, kamar sabuwar tukunyar ƙasa da ba ta da tsaga. Har sai da ya sake bugawa don jin daɗi kawai. Ya ce wa Injiniya wannan zai rayu har ya binne mu duka, ta yi dariya ta rubuta a littafinta.

Hannun katafilar ya fara ɗagawa, haƙoran suka buɗe a sama, ba su karkata ko'ina ba tukuna.

Bai san lokacin da ya ruga ba. Ya tsallake wani tarin yashi, ya faɗo gabanta, ya ɗaga hannu biyu sama, guduma a ɗaya. Katafila ta yi wata irin girgiza ta tsaya cak, ƙura ta tashi ta rufe shi. Ya ji zafin injin a fuskarsa.

Tsawa ya kashe, ya fisge abin kunne, ya diro. "Kai! Hauka kake? Ka gaji da duniya ne? In na take ka me zan ce wa yayarka, in ce fenti ne ya ce?"

"Ka dakata, babban yaya. Ina so a duba alamar."

"To duba mana! Ga ta nan kamar wata, makaho ma ya gani!"

Mutane suka taru. Baba Mai Sito ma ya fito, tabarau yanzu a ido. Likita ya juya ya fuskanci tsohon bango. Ya dube shi, ya dubi ɗayan. Kowa na jiran ya ce wani abu, shi kuma yana jiran ko mutum ɗaya ya ambaci launin. Ba wanda ya ambata. Wa zai tsaya faɗin abin da kowa ke gani?

"Me ke faruwa a nan? Wa ya shiga gaban inji?"

Injiniya ce, ashe taron ya tashi da wuri, ta iso, makullin mota a hannu, ko hularta ba ta gama ɗaurawa ba. Aka dare mata hanya. Ta dubi katafila, ta dubi bangayen, ta dubi Likita da ƙura ta yi wa furfura.

"Kai ne? Kai da ka fi kowa sanin doka? Mene ne matsalar?"

Har yanzu akwai ƙofa, zai iya cewa ya ga kamar mage ce ta shiga, ko ya ji wata ƙara a gindin bango. Amma in ya faɗi haka Tsawa zai koma ya hau, a dawo inda aka tsaya. Sai ya mayar da guduma hagu, ya miƙa mata hannun dama, babban yatsa a sama.

"Ranki ya daɗe, don Allah wane launi ne wannan?"

Wani ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi ya haɗiye ta. Injiniya ta dubi farcen, ta ɗago ta dube shi.

"Kore ne," ta ce a hankali.

"Shi ne a tsohon bangon?"

"Shi ne. Ja na kan wancan. Daidai ka sa, Likita."

Likita ya zauna a kan tarin yashin. Ashe daidai ne. Da ya tsaya gefe ya riƙe bakinsa na minti ɗaya tak, da yanzu ruɓaɓɓen bango na ƙasa, asirinsa na rufe.

"Ban san ja da kore ba, ranki ya daɗe," ya ce, yana kallon takalminsa. "Tun haihuwa. Yayata ce ke ƙulla mini zare a gwangwani. Jiya aka canza gwangwanayen."

"Wayyo, ɗana," in ji Baba Mai Sito. "Ashe abin da kake ta turo mini yatsa ke nan."

Tsawa ya dubi Likita. Ya cire tsinken bakinsa ya jefar. Can ya ce, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba, "Shekara tara muna cin tuwo a kwano ɗaya." Ya juya ya hau katafilarsa.

Injiniya ta ce kowa ya ja baya. Ta tsaya da kanta ta ga hannun ya juya hagu. Bugu biyu ruɓaɓɓen ya zube, ko gardama bai yi ba. Da ƙura ta lafa, sai ga rana ta ratso tagogin nan biyar ta zuba a ƙasa. Sannan ta ce Likita ya biyo ta.

Ofishinta na wurin aiki wani ɗan ɗaki ne da aka haɗa da tsoffin ƙofofi. Ba ta ce ya zauna ba.

"Wata takwas," ta ce. "Wata takwas gine-ginena suna rataye a zaren ɗinki, ni ban sani ba. Ka san abin da zai faru da zaren ya kwance wata rana? Da akwai mutane a bayan bangon fa?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ba ka sani ba, da ka sani da ka faɗa tun ranar farko." Ta ajiye makulli da ƙarfi. Ta dafe goshi. "Me ya sa ba ka jira ka ga inda zai juya ba? Ai da ba wanda ya sani."

"Na yi niyya. Sai na ga in ya juya ɗin an gama."

Ta dubi zanen da ke manne a bango.

"Fenti ya bar hannunka daga yau. Kuma sai na faɗa wa Manaja, ba zan ɓoye ba. Takardar nan ba za ka same ta wannan watan ba, kada ka sa rai. Zan roƙa a ƙara maka wata uku na gwaji, in sun yarda." Ta jawo aljihun tebur, ta lalubo guntun alli ta tura masa. "Kunnenka nake buƙata, ba idonka ba. Wanda za a bari ka zana masa da'ira. Wanda za a kayar ka gicciya masa layi biyu. Wani ya bi bayanka da fenti, shi ma da'ira da gicciye zai yi, a daina shafin nan iri ɗaya. Wannan laifina ne, ni na tsara shi haka. Da'ira dai ka san ta, ko?"

"Na san ta, ranki ya daɗe."

"Allah ya sa. Fita, je ka wanke fuskarka."

Kafin azahar labari ya gama zagaya wurin. Duk inda ya bi sai wani ya ɗaga masa abu. "Likita, wane launi ne bokitin nan?" "Likita, zo ka duba min rigata, an ce ja ce!" Yana murmushin yaƙe yana wucewa, allin na aljihunsa. Tsawa kuwa ya gama, aka ɗora katafila, bai ko dubi inda yake ba. Sai da babbar motar ta tayar ya leƙo ta taga.

"Kai, bokan bango! Shi ya sa na aike ka koriyar hula ka kawo mini ja, na yi ta yawo kamar zakara? Na ɗauka rainin hankali ne!" Ya nuna shi da yatsa. "Ka jira ni ƙarfe biyar mu koma gida. Kuma kada ka kuskura ka ce za ka koyi tuƙi, fitilar hanya ba ta da zare."

Motar na fita, sai ga Yaya a bakin ƙofa, jakar tafiya a kafaɗa, kwanon abinci a hannu, tana haki. Daga tasha ta zarto, abincin ma a can ta saya. Ba ta ko gaishe shi ba, ta ajiye kwanon a ƙasa, ta kamo hannunsa ta juya farcen wajen haske.

"Kore ne!" ta ce. "Kore ne, ƙanena, alhamdulillahi. Daidai ka sa."

"Na sani, Yaya."

Ta dube shi, ta dubi ƙurar da ta rage a gefen kunnensa, ta dubi leburorin da ke leƙensu suna ƙunshe dariya. A ɗaya hannun nata akwai ƙullin zare da ta riga ta yanko tun a mota. Ta juya shi a tafin hannu, sannan ta tura shi cikin jaka.

"To zo ka ci abinci tun bai huce ba," ta ce. "Ina inuwa a nan?"

Ya ɗauki kwanon, ya kai ta baya, gindin tsohon bangon.